Magajin Takubba Biyu

Da sunan Allah wanda ya shimfiɗa ƙasa babu ƙusa, ya ɗaga sama babu ginshiƙi, ya raba teku da tudu, ya ƙaddara wa kowane bawa yawan takun da zai yi kafin ya kwanta. Bayan haka, ni ne Nomau ɗan Jibir maƙeri, mutumin Gangaren Maɗaci. Ga labarin tafiyar da na yi zuwa ƙarshen gabas neman ilimin faɗa da takubba biyu, da yadda na same shi, da abin da ya rage mini daga gare shi.

Garinmu yana bakin kogi, bayansa kuwa Hamadar Gilashi ce, wadda yashinta ke yanka kofaton doki. Babu mai iya ratsa ta sai wasu mutane da muke kira Mahayan Jimina. Kowace kaka sukan faɗo mana, su kwashe hatsi, su haɗa da mutane. Shekarar da na cika ashirin da biyar suka kama yayana Korau a bakin maƙera. Ina wurin, riƙe da takobin da na ƙera da hannuna. Mutum uku suka taso mini. Na tare na farko, na biyu ya buge ni da gindin mashi a ƙeya. Ina kwance ina kallo suka ɗaure Korau a bayan jimina kamar buhun gero, suka shige hamada da shi.

Bayan wata biyu wani tsohon falke ya sauka a gidanmu. Da ya ji abin da ya faru sai ya ce mini a tsibiran Hinokura, can inda rana ke fitowa daga cikin ruwa, ya taɓa ganin mutum ɗaya da dogon takobi a dama da gajere a hagu ya tare mutum goma a bakin gada, babu wanda ya wuce shi. Tun daga ranar ban ƙara jin daɗin guduma ba.

Matata Yalwa tana goye da 'yarmu Lantana lokacin da na gaya mata. Ta ce, “Maigida, idan ka tafi wa zai hura wutar maƙera?”

Na ce, “Shekara biyu ce kawai, Yalwa. In koyo, in dawo, in shiga hamadar nan in fito da Yaya.”

Ta daka mini dakuwa, ta ƙulla barkono mai yawa a tsumma don ta san ba na cin abinci sai da yaji, ta raka ni har bakin kogi.

Na bi kogi har teku, na shiga wani babban jirgin fatake a matsayin mai gyaran ƙarfe. Mu talatin ne. A wata na biyar iska ta ɗauke, muka shiga wani ruwa lumui kamar mai, wanda matuƙa ke kira Tekun Barci. Wani ƙamshi ne ke tashi daga cikinsa, ya fi na furen lemo daɗi, kuma duk wanda ya shaƙe shi sosai sai ya kwanta yana murmushi, ba zai ƙara tashi ba. Kafin azahar mutum tara sun kwanta. Ni ma barci ya fara ɗaukata. Da ƙyar na ja jiki zuwa kaskon wutata, na kwance tsumman Yalwa, na zuba barkono a garwashi. Hayaƙi ya turnuƙe jirgin. Muka dinga tari da atishawa, hawaye na zuba, amma ido ya buɗe. Kwana huɗu muna tuƙi da filafili cikin hayaƙin nan, muna tsakurar barkonon kaɗan-kaɗan, har muka fita. Taran nan muka yi ta girgiza su, muka watsa musu ruwa, daga baya muka sallace su muka saka su a teku suna murmushinsu.

A shekara ta biyu teku ta ƙare mana a bakin wata siririyar ƙasa da ta tokare hanya. Sai an ratsa ta da ƙafa kafin a kai tashar jiragen gabas, kuma hanya ɗaya ce, ta tsakiyar wani birni. Sarkin birnin ba ya karɓar komai daga baƙo sai inuwarsa. Masu tsaron ƙofa suna da almakashi na baƙin dutse, suna yanke inuwa daga dugadugan mutum su naɗe ta kamar tabarma. Na ga waɗanda aka yi wa haka zaune a gindin ganuwa. Lafiyarsu ƙalau, amma idan ka tambayi ɗayansu garinsu ko sunan uwarsa sai ya yi ta kallonka.

Kwana goma sha ɗaya na yi a wajen ganuwa ina auna rana da sanda, har ranar da ta tsaya daidai tsakar ka. Na naɗe rigata ta manne a jiki, na doshi ƙofa. Mai almakashi ya durƙusa, ya zagaya ni, bai ga abin yanka ba. Ya ce, “Wani ya riga mu.” Ya buɗe mini. Na ratsa birnin da sauri, ban kalli kasuwa ba, ban amsa sallama ba, na fita ta ƙofar gabas inuwata ta fara leƙowa kamar faɗin yatsa biyu. Abokan tafiyata shida da suka bi dabarata sun tsaya shan ruwa a tsakiyar gari. Na jira su kwana uku a tasha, ba su fito ba.

Shekara uku cif bayan barina gida na taka Hinokura. Ƙasa ce ta duwatsu da gora da gonakin shinkafa hawa-hawa. Gidajensu na katako ne, bangon ɗaki na takarda, suna cin abinci da tsinke biyu. Na kama aiki wurin wani maƙerin lauje har na iya harshensu. Amma duk wanda na tambaya labarin takubba biyu sai ya sunkuyar da kai ya wuce. A hankali na gane dalili. Bayan wani dogon yaƙi, sarkin tsibiran ya hana riƙe takobi. An bi gida-gida an tattara su, an narke, an zuba wata ƙatuwar ƙararrawa a fadarsa. Sojojinsa kaɗai ke da makami, su kuma bindiga suke riƙewa. Na ratsa duniya na zo neman abin da masu shi suka riga suka binne.

Wata tsohuwa da na gyara wa wuƙa ce ta ji tausayina. Ta nuna mini wani dutse mai farin kai, ta ce, “Hau can. In ka ga gadar igiya, ka tsallaka. Kada ka ce ni na faɗa.”

Bayan gadar akwai gida ɗaya, jingine da tsauni, ƙarƙashinsa kwazazzabo mai zurfi da ruwa ke gudu a ciki. Zauren gidan zai ɗauki mutum ɗari, daɓensa katako ne da ƙafafu suka goge har yana ƙyalli. A bango an kafa ƙusoshi jere-jere inda ake rataye allunan sunayen masu koyo. Allo biyu kawai na gani. Ɗaya na maigidan ne, Malam Tsunemori, tsoho mai shekara tamanin, magaji na tara. Ɗayan na 'yarsa ce Oriha, mace mai kimanin shekara arba'in, wadda furfura ta fara fito wa.

Na faɗa mata abin da ya kawo ni. Ta miƙo mini takubban katako biyu, dogo da gajere. Ta ce, “Baƙo, miƙe hannuwanka ka riƙe su har rana ta kai bakin wancan ginshiƙi.” Na riƙe. Kafaɗuna suka yi kamar ana zuba musu narkakken ƙarfe, amma hannun maƙeri ne, bai sauka ba. Da lokaci ya cika ta karɓe su, ta ce, “Akwai tsintsiya a bayan ƙofa. Da hagu za ka yi shara.”

Ita ta ba ni tarihin gidan, muna tsince shinkafa. Ta ce shekara ɗari biyu da suka wuce kowane mayaƙi a tsibiran yana ɗaura takubba biyu a ƙugu, amma dogon kaɗai yake zarewa, ya kama shi da hannu biyu. Gajeren na cikin ɗaki ne, inda dogo ba ya juyuwa. Wanda ya kafa gidansu kuwa ba mayaƙi ba ne. Wani mai dafa gishiri ne, Heisaku, wanda ya shekara ashirin yana ɗebo ruwan teku da bokiti biyu, har hannuwansa suka zama ƙarfi ɗaya. Ranar da 'yan fashi suka faɗa wa ƙauyensu, ya tarar da gawar wani mayaƙi a hanya, ya zare takubbansa duka biyun, don shi bai san ba a yin haka ba. Ya tsaya a wata matsattsiyar hanya har mata da yara suka tsere. Bayan nan ya hau wannan dutse, ya shekara talatin yana tace abin da tsoro ya koya masa a rana ɗaya, ya tsara shi darasi goma sha biyu da suke kira ƙofa. Sha ɗaya ana koya wa duk wanda ya jure. Ta sha biyu ba a rubuta ta, ba a yin ta a gaban kowa. Magaji ne ke ba magaji.

Kowace ƙofa mutum biyu ke yin ta. Babba shi ke kawo sara, ƙarami ya karɓa. Gajeren takobi yana tarewa ko ya danne, dogo yana yanka, kuma ba a son ɗaya ya jira ɗaya, tare suke tashi. Wani lokaci a gicciye su sama da kai a kama saran abokin gaba a tsakani, a murɗe shi gefe. Ba a tsalle, ba a ihu, tafiya ake yi irin ta mai zuwa rijiya. Oriha takan ce, “Kada ka kalli takobina. Kalli bayana can nesa, za ka ga komai nawa.” In na kalli takobin sai in ji katako a haƙarƙari. Da hagu nake ci, da hagu nake jan ruwa. Da sanyi muna yi ƙafa ba takalmi a kan ƙanƙara har yatsu su daina jin ƙasa. Ƙofar farko kaɗai ta ci mini wata tara. Na yi lissafin shekara biyun da na faɗa wa Yalwa, na zauna a bayan gida na yi kuka, sannan na koma na ɗauki katako, domin komawa hannu wofi ya fi ƙarfina.

Shekara shida na yi a gidan. A ta uku Oriha ta rubuta sunana a allo ta rataye, ta daina ce mini baƙo, ta koma ce mini ƙanena. Amma Malam Tsunemori hankalinsa yana tafiya. Yakan kira ni da sunayen mutanen da suka mutu tun ban zo duniya ba. Wata rana na tambayi Oriha yadda ƙofa ta sha biyu take.

Ta ce, “Ban sani ba.”

Na ce, “Yaya, ba ke ce magajiya ba?”

Ta ce, “Ya ajiye ta ne don wana, shi kuwa ya tafi yaƙi bai dawo ba. Shekara ashirin Baba yana jiran wani namijin. Ranar da ya haƙura ya ce zai ba ni, sai ya neme ta a kansa ya rasa.”

Wata safiya ta sanyi a shekarata ta shida tsohon ya fito zaure da kansa, idonsa tar, bayansa a miƙe. Ya kira Oriha da sunanta, ya kira ni da nawa, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce, “Ku biyu kuka rage, ku biyun za ku gani. Ku zauna.” Muka durƙusa. Ya ɗauki takubban katako, ya sauke su ƙasa a sake kamar wanda ba ya riƙe da komai. Ya yi taku ɗaya. Ya ɗaga gajeren zuwa ƙirji, dogon ya fara juyawa ta wata fuska da ban taɓa gani ba. Sai ya tsaya. Ya dubi katakon da ke hannunsa, ya dubi rufin ɗaki, ya daɗe. Can ya ce, “Oriha, shinkafa ta dahu?”

Ta ce, “Ta dahu, Baba.”

Ta tashi ta karɓi takubban, ta kama hannunsa ta kai shi ɗaki. Bai kai ƙarshen sanyin nan ba.

Da damina ta faɗi labari ya kai fada cewa akwai takubban ƙarfe a gidan, na Heisaku da na magadansa, a ƙarƙashin daɓe. Da hantsi muka hango sojoji talatin suna hawowa cikin ruwan sama. Oriha ta ɗaga katako biyu na daɓen, ta fito da takubba huɗu naɗe cikin tsumma mai mai. Ta ce, “Ƙanena, wannan ba rigimarka ba ce. Kana da 'ya.”

Na ce, “Hanya ɗaya ce, Yaya, kuma suna kanta.”

Shugabansu ya tsaya a ƙetaren gada ya ce mu miƙa takubban, a ƙone gidan, mu kuma a kai mu haƙar ma'adini har mutuwa, don haka doka ta ce. Oriha ta ce ya zo ya karɓa. Ruwa ya jiƙa musu albarushi, bindiga ta ƙi tashi, sai suka shigo gadar da masu, bibbiyu. A nan na ga abin da falken nan ya ba ni labari, kuma da hannuna aka yi shi. Mashi ya zo, gajere ya kauce da shi, dogo ya riga ya isa. Ban ji fushi ba, ban ji tsoro ba. Oriha tana hannun damana kamar mai shanya kaya. Mutum takwas suka faɗa kwazazzabo, sauran suka ja da baya.

Sai ruwa ya ɗauke, rana ta fito.

Shugaban bai yi gaggawa ba. Ya sa aka shimfiɗa mayafai a kan dutse, aka baza albarushi yana shan rana. Suka zauna suka kwance ƙunshin shinkafarsu suna ci, muna kallonsu, suna kallonmu. Ban taɓa ganin yini mai tsawon wannan ba. Shekara ɗari biyu na ilimi yana hannunmu, kuma babu ƙofa ɗaya a cikinsa da ke tare harsashi.

Da la'asar suka ɗura. Harbin farko ya same ni a gwiwar hannun dama, dogon takobin ya faɗi, ƙashi ya fito. Oriha ta ja ni bayan gida, inda muke da wata babbar gangar katako da igiyar da muke saukar da ita kwazazzabo ɗebo ruwa. Ta ɗaure mini hannu da ɗamararta, ta tura ni ciki.

Na ce, “Mu shiga tare.”

Ta ce, “Wa zai riƙe igiya? Ƙofa sha ɗaya sun fi babu, ƙanena. Ɗayanmu ya fita da su.”

Ta saukar da ni a hankali har ganga ta taɓa ruwa, ta saki igiyar. Ruwa ya ja ni ta ƙarƙashin gada. Na ɗaga kai na ga sojoji sun cika ta, na ga Oriha ta taka zuwa kanta da takubbanta a sake. Igiya biyu ke riƙe da gadar, ɗaya dama ɗaya hagu. Ta sare su tare, sara ɗaya. Daga nan ruwa ya juya da ni, ban ƙara ganin komai ba.

Wasu masu ƙona gawayi suka tsamo ni a gindin dutse. Hannun ya riga ya ruɓe, suka yanke shi daga sama da gwiwa, suka ƙone bakin da ƙarfe. Da na warke na nemi hanyar gida. Mai hannu ɗaya ba ya tuƙi, ba ya ƙira, saboda haka na zama mai wanke tukwane daga wannan jirgi zuwa wancan, ina bin doguwar hanyar kudu don in kauce wa birnin nan da tekun nan. Shekara bakwai ta ci ni. Duk tsawon hanya ina maimaita ƙofofin a kaina don kada su zube, ina cewa ko ba ni ba, zan koya wa samarin garinmu su shiga hamada.

Na iso Gangaren Maɗaci ranar kasuwa. Abin da na fara gani jiminu ne ɗaure a inuwar maɗaci, masu su suna zaune suna sayar da dabino da kanwa, matan garinmu suna taya. Na tsaya kamar an kafa ni. Sai na ji ƙarar guduma daga wajen gidanmu. Na bi ta. Wani mai farin gemu yana bugun fartanya a maƙerar ubanmu. Ya ɗago, ya dube ni, ya dubi hannun rigata da ke lilo.

Ya ce, “Nomau?”

Na ce, “Yaya.”

Ya ajiye guduma, ya rungume ni, muka daɗe a haka. Da muka zauna na tambaye shi yaushe ya dawo. Ya ce, “Wata huɗu bayan tafiyarka. Na goge igiya a dutse na gudo. Na bi ka har bakin teku, aka ce jirginku ya tashi.” Ya ce bayan shekara biyar rijiyoyin hamada suka ƙafe, Mahayan Jimina suka zo roƙon ruwa da 'ya'yansu a hannu, dattawan gari suka ba su bisa rantsuwa, yanzu har auratayya ake yi. Na tambayi Yalwa. Ya ce ta ƙi yarda a ce na mutu, ta ƙi kowane mai nema, zazzaɓi ya ɗauke ta a shekara ta tara.

Ya kai ni gidan Lantana. Na tarar da mace tana daka, da jariri a baya. Korau ya ce, “Lantana, ga mahaifinki.” Ta ajiye taɓarya, ta durƙusa ta gaishe ni yadda ake gaida baƙon kirki, ta kawo ruwa. Ta juya ga Korau ta ce, “Baba, in shimfiɗa masa a zaure?” Sannan ta dube ni, ba fushi a fuskarta, ta ce, “Abin da aka tafi nema, an samo?”

Na ce, “An samo.”

Ta ce, “To, madalla.” Ta koma ta ɗauki taɓaryarta.

Na gwada koyarwa. Na sa an sassaƙa katakai, samari bakwai suka zo don ganin idon Korau. Amma ƙofa ba ta koyuwa da baki. Sai an ga hannu biyu sun tashi tare, ni kuwa rabi kawai nake iya nunawa, in ce sauran su ƙaddara. Suka yi haƙuri da ni mako uku, shuka ta zo, suka tafi gona. Ban ga laifinsu ba. Babu wanda za su yaƙa.

Yanzu ni ke jan zugazugi a maƙerar Yaya, aikin da hannu ɗaya ke iyawa. Ƙofofin suna tafiya. Bara na nemi ta tara na rasa tsakiyarta, bana ta bakwai ta fara yi mini gardama, kuma babu wani mai rai a bayan ƙasa da zan tambaya.

Iyakar abin da ya same ni ke nan, ban ƙara ba, ban rage ba. Wanda ya ji, ya yi wa Yalwa addu'a, ya kuma ambaci sunan Oriha 'yar Tsunemori ko da sau ɗaya, domin a ƙasarsu babu sauran mai ambatonsa. Allah ya sa mu cika da kyau.